Mabuɗin Gidan Inno

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Argungu, zuwa ga yayata Hajiya Hauwa'u, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Tamba da yara gaba ɗaya. Ina roƙon Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, Ya sa kaffara ce, Ya tsare ku a inda kuke, Ya sa albarka a cikin neman Alhaji. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Zafi ya fara shigowa, gulbi ya ja baya, an cire albasa, ko da yake ta fadamarmu ta ƙasa ba ta kai ta bara girma ba. Tarin da ya dami maigidana Malam ya sake shi, har ya koma ba da karatu a zaure. Sunusi ya koma makaranta Sakkwato. Ummi ta yaye yaronta, yanzu yana wurina, ya hana kajina sakat.

Kin san ni da waya. Da na ji muryarki sai maganar da na shirya ta tsere mini, in ɓige da tambayar yara har layin ya katse. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ba Abbas, direban motar albasar Alhaji, ya kawo miki hannu da hannu.

Yaya, saƙonki ya iso ta bakin ƙanenmu Labbo. Ya ce kin ce in je Birnin Kebbi in karɓi mabuɗin gidan Inno na Nasarawa daga hannun yarinyar nan, in rufe gidan, don Alhaji yana son wurin ajiyar albasa, kuma don abubuwan da kike ji ba su yi miki daɗi ba. Ya ce an gaya miki ta cika gidan mahaifiyarmu da matan da ba a san asalinsu ba, tana wanke musu zannuwan jego da hannunta, ita da take ma'aikaciyar asibiti, matar aure a unguwar Gesse. Wasu sun ce suna take nema, wasu sun ce siyasa za ta shiga. Gida naki ne, shi ya faɗo a rabonki kamar yadda fadama ta faɗo a nawa, ba wanda zai ja da ke. Na kuma san ba za ki tambaye ta da kanki ba. 'Yarki ce ta fari, tun ranar da kika miƙo mini ita a yaye ban taɓa jin kin kama sunanta ba, ko lafiyarta sai dai ki tambayi ta mutanen gidan. Ni da na goya ta ina da bakin faɗin sunan, don haka ki yi haƙuri, maganar Ummu Hani ce za ta cika takardar nan.

Na tafi ranar Asabar da safe ban sanar da kowa ba, don ina so in ga abin yadda yake, ba yadda za a gyara mini shi ba. Tun daga bakin lungu na hango hayaƙi yana tashi ta bayan katanga, daidai inda Inno take turara shinkafa a da. Sai da na tsaya ina kallonsa, don rabona da ganin hayaƙi a gidan nan tun zaman makokinta. Zaure yana nan yadda kika san shi, an share an yayyafa ruwa. A cikin gida na tarar da rabin duro a kan murhu yana tururi, wata matashiya tana tura masa ɓuntun shinkafa. An kewaye gindin dogonyaron nan da zana an yi makewayi. A ɗakin Inno masu jego ne a zaune a kan tabarmi da jariransu, ana raba musu kunu, wata dattijuwa da ake kira Malama Hanifa tana yi wa ɗaya faɗa a kan yadda ta riƙe wuyan yaro. Ummu Hani kuwa tana durƙushe tana auna wa wata jini, da kayan aikinta a jiki, hijabin duk toka.

Ga yadda abin yake. Yawancin matan nan daga ƙauyukan fadama suke, waɗanda ambaliya ta cinye musu gida da gona suka shigo birni. Mazansu na tura kurar ruwa ko dako a kasuwa, suna zaune a ɗaki ɗai-ɗai na haya. In ɗayarsu ta haihu, ba gidan da za ta tafi wanka, ba uwa ba gwaggo da za ta zo ta zauna da ita. To su ne ake kawowa nan. Wadda jikinta bai yi ƙwari ba ta kwana har a yi suna, sauran su zo safe da yamma har su yi arba'in. Tsofaffin unguwa ne ke yin wankan, amma a kan sharaɗin ɗiyar nan: sai an sirka ruwan har mai wankan ta iya sa gwiwar hannunta a ciki, kuma ba a dama kunun kanwa a gidan, sai na gyaɗa ko na tsamiya. Ta ce ruwa mai ƙuna da kanwa mai yawa suna kumbura mai jego su raunana mata zuciya, ta ga haka a asibiti ba sau ɗaya ba. Tsofaffin sun yi ta gunaguni da farko, ɗaya ma ta ce mini wannan ba wanka ba ne, alwala ce, amma suna bi.

Da Ummu Hani ta ɗaga kai ta gan ni, ta san abin da ya kawo ni, don Labbo bai iya riƙe magana ba. Ta gama awon da take yi, ta wanke hannu, ta ja ni ɗakin da muke kwana muna yara. Kafin in buɗe baki ta durƙusa ta miƙo mini mabuɗin da hannu biyu. Ta ce in Hajiya ta ce a rufe, an rufe, ba za ta yi aikin alheri a kan ɓacin ran mahaifiyarta ba. Abu ɗaya ta roƙa, a ba ta lokaci ta nema wa waɗanda suke tsakiyar arba'in wurin da za su ƙarasa, ko da yake ta ce ba ta san inda za ta samu gida mai rijiya da fili a unguwar nan ba. Ni da na zo da shirin lallashi, ashe ba a buƙatarsa. Na ce ta zauna ta gaya mini abin da ya kai ta ga wannan, tun daga farko.

Ta ce a asibiti al'adarta ce duk mai jegon da za a sallama sai ta yi mata gargaɗi a kan ruwan zafi da kanwa, kowace kuma ta ce to. Bara waccan aka sallami wata yarinya mai suna Riskuwa, haihuwar fari, ƙafafunta a ɗan kumbure. Abin ya tsaya mata a rai, sai wata rana da ta tashi aiki ta bi kwatance ta je duba ta, a wani gidan haya nan bayan gidan Inno. A ƙofar ɗakin ta tarar da tulin ganyen dogonyaro, ɗauri-ɗauri, irin wanda ake zubarwa in an gama yi wa mai jego wanka. Ta ce ranta ya ɓaci, ta shiga da faɗa, tana tambaya wace tsohuwa ce ke dafa ta kamar kifi bayan duk abin da ta gaya mata. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ummu Hani ta ce a nuna mata tukunyar wankan, ta waiga ko'ina, ba tukunya ba murhu, sai buta da wata 'yar langa. Ta fita ta ɗauki ganyen. Kin san wanda ya sha ruwan zafi yakan yi laushi ya dafe. Wannan ɗanye ne shar.

Sai a lokacin Riskuwa ta yi magana. Ta ce kullum da safe in mijinta ya fita da kura, sai ta lallaɓa bakin hanya ta karyo ganyen, ta ɗaure, ta yayyafa masa ruwan buta, ta zubar a ƙofa, don kada matan gidan su ce ba ta da kowa. Mahaifiyarta ta rasu, dangi sun watse bayan ambaliya. Tun kafin suna ita ke yi wa kanta wanki da girki, in an samu abin girkawa. Yaya, ɗiyar nan ta ce mini ta yi shekaru tana hana masu jego ruwa mai ƙuna, ashe da yawa cikinsu ko mai ɗumama musu ruwa ba su da shi, kunya ce ke sa su ce mata to. Mabuɗin gidan Inno yana cikin jakarta, tun da kika ce a bar mata shi ta riƙa sa ana sharewa. A yammacin nan ta sayi itace ta hura wuta, ta je ta kamo hannun yarinyar. Riskuwar ita ce na gani tana tura ɓuntu a murhu. Da na tambaye ta, dariya ta yi ta rufe fuska da mayafi, ta ce ai ranar ta ɗauka Malamar asibiti duka ta zo yi mata, kuma har yau ba wanda ya kai ta iya ɗaurin ganye a gidan, tun da ta yi ta gwaji a kan na ƙarya.

Ni dai kin san halina, ban cika yarda da aikin da ban san niyyarsa ba. Na dube ta na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, don Shi take yi ko don a faɗa. Na ɗauka za ta yi saurin rantsuwa. Sai ta ce tana so ta ce don Allah ne kawai, amma tana tsoron ƙarya. Ta ce wata safiyar don Allah take fitowa, wata safiyar haushi ne ke taso ta, wata kuma don ta san in ba ta zo ba Malama Hanifa za ta yi mata gori har sati. Ta ce in aka yabe ta tana jin daɗi, sai ta koma ta yi istigfari. Sannan ta tuna mini lokacin da ta haifi Ni'imatullahi ta zo Argungu wanka, yadda na dafa mata ƙauri tana tura kwano wai yaji ya yi yawa, yadda ko tsinke ban bar ta ta ɗaga ba. Ta ce ita ba ta yi wani abu da ta cancanci wannan ba, an dai haife ta a gidan da ke da mutane, Riskuwa kuma ba ta yi laifin da za a bar ta da buta ba. Ta ce tun ranar in ta zauna cin abinci a Gesse sai ganyen nan ya zo mata a ido. Wallahi da ta rantse mini da ban yarda da ita kamar yadda na yarda ba.

Na kwana biyu a wurinsu, na kuma sa ido a kan sauran masu taimakawa, don na daɗe ina mamakin abin da ke fitar da mai rufin asiri daga inuwar ɗakinsa ya shiga hidimar talakan da bai haɗa komai da shi ba. Da ina cewa tausayi ne. Amma tausayi ai muna da shi duka, mu miƙa sadaka a ƙofa mu koma ciki. Malama Hanifa tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Na ce mata Allah Ya ba da lada, ta ce amin, amma kada in ɗauke ta waliyyiya, zaman gida ne ya ishe ta, ta gaji da hira da rediyo. Ta ce duk rayuwarta baƙuwa ce a sunan 'ya'yan mutane, yanzu kuwa ita ake tasowa a tambaya ko cibiyar yaro ta yi daidai. Akwai kuma Sirajo, mai injin casar shinkafa, wanda ke kawo ɓuntun da ake hura wuta da shi kyauta. Shi cewa yake yi su ne ke taimakonsa, don tulin ya cika masa fili. Amma da kansa yake kawowa, ba ya aike, ba ya wuce zaure, kuma ba ya tafiya sai ya tambaya ko duka masu jegon sun tashi lafiya an amsa masa. Ban tambaye shi dalili ba, na ga ba abin tambaya ba ne. Abin da na lura kawai, ba wanda a cikinsu ya yi mini zancen talakawa a dunƙule. Kowa sunan wata yake kamawa, da abin da ya gani da idonsa ya kasa mantawa.

Maganar siyasa kuwa, ga iyakar gaskiyarta. Wani mai neman kujera ya zo ya ce zai yi wa gidan fenti ya kawo buhunan shinkafa, a kafa allo a ƙofa da hotonsa. Ummu Hani ta yi masa godiya ta ce a'a. Ta ce mini ranar da aka kafa allo a ƙofar nan, ranar matan za su daina zuwa, don ya zama gidan taimakon marasa gata, kowa ya ga mai shiga ya san ba ta da kowa. Yanzu kuwa gidan Inno ake ce masa. Mai jego takan ce wa maƙwabtanta ta tafi gidan Inno wanka, kamar yadda kowace ɗiya ke tafiya gida, ba wanda zai ce mata ƙarya take yi. Na ji wata da ba ta taɓa ganin mahaifiyarmu ba tana yi mata addu'a bayan sallar la'asar, ta ɗauka ma tana raye ne a wani gari.

Ba zan ɓoye miki abin da ban ji daɗinsa ba. Wankin zannuwan gaskiya ne, na gan ta tana yi ranar da mai wankin ba ta zo ba. Ta rame, kuma bakinta ya ƙara kaifi, tana yi wa mazan matan nan faɗa kamar ƙannenta in sun makara zuwa ɗaukarsu. Mijinta Taufiq bai hana ta ba, shi ke sauke ta da safe, sai dai ya ce mini ya auri mace mai ƙanshin turare, yanzu in ta shigo mota sai ya ɗauka bandar Argungu aka ɗora masa. Babban laifinta shi ne ta buɗe gidanki ta yi wannan hidima ba ta nemi izninki ba. Na gaya mata wannan ba daidai ba ne, amana aka ba ta ta shara, ba ta zama ba. Ba ta musa ba. Ta ce ta rasa ta inda za ta fara, ita da ba ta taɓa zama da ke ta yi magana mai tsawo ba, kuma ta ji tsoron in ta biyo ta wurina a ce a'a tun Riskuwa ba ta warke ba. Ta ce in roƙar mata gafararki, ko an rufe gidan ko ba a rufe ba.

Game da albasa, na yi magana da Malam. Ya ce rumfar da ke gonarmu ta tudu tana da fili, za a iya ƙara mata tsawo kafin motar gaba, kuma ta fi gidan Nasarawa iska, ga ta a bakin titi. Labbo ya je ya gani bai ce komai ba, kin kuwa san in Labbo bai kushe abu ba to ya yi masa.

Yanzu ga abin da na yi, ina so ki ji shi daga gare ni kafin wani ya kai miki. Kin ce in karɓi mabuɗi, na karɓa. Kin ce in rufe gida, wannan ban yi ba. Na tsaya a zaure da kwaɗon a hannuna, ana yi wa wata da ta haihu shekaranjiya wanka a ciki, na kasa. Ban saba saɓa miki ba, Yaya, kuma ba zan ce na cika umarninki alhali rabi na cika. Mabuɗin yana cikin takardar nan, na naɗe shi a ƙyalle, ki lura kada ya faɗi in kin buɗe. Kwaɗon yana wurina a buɗe, gidan kuma sakata kawai ake sa masa ta ciki. In kin ga a rufe, ki ba Abbas mabuɗin ya dawo da shi, ni da hannuna zan je in rufe, ba zan ƙara miki magana ba, ita ma ba za ta ƙara ba. In kuwa motar ta dawo ba mabuɗi, to mun ji. Ba sai kin kira kowa ba, ba sai kin ce komai a kan ɗiyar da ba kya kama sunanta ba. Ki jefa shi a ƙasan akwatinki kawai.

Ki gaishe mini da Alhaji Tamba da kyau, ki ce ina yi masa fatan kasuwa mai albarka. Ki gaishe da yara, da maƙwabciyarki mai kawo miki magani, Allah Ya saka mata. Malam yana gaisuwa, Labbo da iyalinsa suna gaisuwa, haka Sunusi da Ummi. Ni'imatullahi ta ce a gaya wa kakarta ta Kumasi ta shiga izu na biyu, tana jiran atamfar da aka yi mata alkawari. Allah Ya jiƙan Inno da Baba, Ya haskaka kabarinsu, Ya sada mu da alheri.

Abbas ya ce in hanya ta yi kyau zai juyo kafin ƙarshen wata. Har ya dawo, ana hura wuta.

Wassalam. Ƙanwarki,
Khadijatu